Na'urar sona za ta hango min gungume a kan ruwa?

TAMBAYA: Salam Malam, ni masunci ne a dam ɗin Dadin Kowa, ina da kwale-kwale mai inji. Duk damina kogin Gongola sai ya kwaso mana gungume da kututture, ga kuma dorina. Ƙanina da ke aikin jirgin teku a Legas ya ce in sayi sona irin ta neman kifi, wai za ta nuna min su kafin in yi karo. In saya?
Daga wani masunci, Yamaltu-Deba, Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. In don kifi ne ko sanin zurfi toh ka saya, amma don gungume kar ka dogara da ita, maganar rai ake fa.

Sona da sauti take aiki, ta harba shi cikin ruwa ta jira ya bugi abu ya dawo, kuma a ruwa yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa. Amma ta neman kifi ƙasa take kallo, kamar ka haska tocila cikin rijiya, yawancinsu faɗin kusurwar da suke kallo digiri 20 ne, wato a zurfin mita 9 faɗin abin da take gani wajen mita 3 ne kawai. Shi kuwa gungume yana gabanka ne a saman ruwa, ta ina za ta gan shi?

Akwai mai kallon gaba, ga tsada, kuma ita ma saman ruwan ne ke ba ta wahala, igiyar ruwa da kumfa duk suna mayar da sauti sai allon ya cika da tarkace ka kasa gane wanne ne itace, in wurin ba zurfi kuma nisan ganinta ya ƙara raguwa. A ce ma ta hango shi a mita 50 kana gudun kilomita 30 a awa, daƙiƙa 6 kacal gare ka.

Ka tambayi ƙanin naka labarin kwantena. A 2023 kaɗai ƙungiyar kamfanonin jiragen ruwan dakon kaya ta duniya, World Shipping Council, ta ƙirga guda 221 da suka faɗa teku, wadda ta sha ruwa ɗan bayanta kawai ke leƙowa, rada da sona duk suna iya kuskure ta.

Don Allah in ruwa ya kawo ka rage gudu, ka zaunar da mutum a goshin jirgi da gora a hannu idonsa na kan ruwa, kowa da rigar kariya. Tafiyar dare dama NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ta hana. Dorina kuwa kun fi ni sanin inda suke taruwa, ku ba su hanya tun daga nesa, musamman mai ɗa.