Hukuncin sayen ƙarin garantin mota bayan na kamfani ya ƙare

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina zaune a Amurka. Na sayi Toyota Camry sabuwa, kuɗi hannu, saura wata biyu ta cika shekara uku, ta yi tafiyar mil 33,000. Dilan da na saya a wurinsa ya aiko min takarda cewa in biya dala 2,400 a mayar da garantin shekara bakwai ko mil 100,000. Wasu kamfanonin kuma sun dame ni da kiran waya a kan maganar. Ƙanena ma zai sayi sabuwar mota wata mai zuwa, an ce masa ya haɗa da ƙarin garantin tun ranar saye. Ni kuma niyyata in tura motar gida Kano nan da shekara biyu. Ya halatta mu saya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Abin da aka yi maka tayinsa, kai mai tambaya, bai halatta ka saya ba, ko daga dilan ko daga masu kiran waya. Na ƙanenka kuwa yana iya halatta, yana iya haramta, ya danganta da yadda aka ƙulla cinikin da kuma wanda ya ɗauki nauyin gyaran.

Asalin mas'alar hadisin Abu Huraira ne da Muslim ya ruwaito, cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, wato cinikin da mutum bai san abin da zai samu ba, ko bai san zai samu ko ba zai samu ba. To dubi abin da dilanka ya kawo. Za ka ba da dala 2,400 yau. Idan shekarun suka wuce motar ba ta yi ko tari ba, kuɗinka sun tafi, ba ka karɓi komai ba. Idan kuma giya ta watse ko kwamfutar motar ta ƙone, za a kashe mata abin da zai iya ninka kuɗin da ka biya. Ribar ɗayanku ita ce asarar ɗayan, kuma ranar da kuka sa hannu babu wanda ya san wa zai ci wa. Wannan ita ce surar inshorar kasuwanci, wadda Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Jidda a watan Disamba 1985, a ƙuduri na 9, cewa tana ɗauke da garari mai yawa da yake ɓata ciniki, ta kuma nuna inshorar taimakekeniya a matsayin mafita. Sunan da aka buga a saman takardar ba ya canza hukunci. Abin da ake dubawa shi ne me aka bayar, me aka karɓa.

Wani zai ce: ai garantin farko da motar ta zo da shi, shi ma ba a san za a buƙace shi ko ba za a buƙace shi ba, me ya sa bai haramta ba? Saboda ba shi aka saya ba. Mota aka saya, sananniya, da farashi sananne, garantin ya biyo ta a matsayin alkawarin wanda ya ƙera ta cewa aikinsa lafiyayye ne. Malamai suna da ƙa'ida cewa ana yafe wa abin da ya zo a mabiyi abin da ba a yafe masa idan ya tsaya da kansa. Ana sayar da tunkiya mai ciki, cinikin ya inganta, amma ba a sayar da abin da yake cikinta shi kaɗai. Shehu Halil ya taƙaita sharuɗɗan a Mukhtasar: ana yafe garari idan kaɗan ne, akwai buƙata, kuma ba shi aka nufa ba. Garantin kamfani ya cika ukun. Wanda za ka saya bayan shekara uku kuwa ya faɗi a na ukun ƙarara, domin babu mota a cikin cinikin, rashin tabbas ɗin shi ne hajar.

Ɗora wa mai sayarwa lamunin aibi na wani lokaci bayan ciniki ba baƙon abu ba ne a mazhabarmu. Duk wanda ya karanta Risala ya wuce ta maganar uhda, wato wannan lamunin, ta kwana uku da ta shekara, wadda ake aiki da ita idan an shardanta ko ta zama al'adar gari. A cinikin bayi na wancan zamani aka ambace ta, amma ta nuna mana cewa Malikawa sun san lamunin da yake rataye a wuyan mai sayarwa, a cikin cinikin kansa. Majalisar Fiƙihu ma, a zamanta na Manama a 1998, ƙuduri na 103 kan yarjejeniyar gyara da kulawa, ta halatta a shardanta wa mai sayarwa gyara na wani lokaci sananne a cikin cinikin, ko da kayan gyaran daga wurinsa ne.

A nan maganar ƙanenka take. Idan mai sayarwa ya ce masa: motar da garantin shekara uku kaza ce, da na shekara bakwai kaza ce, ya zaɓi ɗaya kafin su rabu, aka rubuta farashi guda, kuma kamfanin da ya ƙera motar ko dilan ne da kansa zai yi gyaran, wannan ciniki ne da sharaɗi, ya halatta ko da farashin ya ƙaru. Sai dai abin da yake faruwa a wurin dillalan Amurka galibi ba haka yake ba. Bayan an gama daidaita farashin mota, sai a shigar da mai saye wani ofishi na daban inda ake cike takardun biya. A can za a juyo masa fuskar kwamfuta, a nuna masa jerin ƙare-ƙare, kowane da kuɗinsa: na garanti, na taya, na fenti. Idan ya karɓa, takarda ce daban da sa hannu daban, kuma a shafin farko ko na biyu akwai wurin da aka rubuta sunan wanda nauyin biyan gyara yake kansa. Sau da yawa ba dilan ba ne, ba kuma kamfanin motar ba ne, wani kamfani ne na uku, dilan kamasho kawai yake ci. Ya karanta wannan layin kafin komai. Idan kamfani na uku ne, inshora ce aka sayar masa a ranar da ya sayi mota, haɗuwarsu a rana ɗaya ba ta mayar da ita mabiyiya ba. Akwai malaman zamani da suka sassauta matuƙar dai an yi shi a zaman cinikin motar, ko da an ware masa farashi. Ni abin da ya rinjaya a wurina shi ne a duba wanda ya ɗauki lamunin: mai hajar ne ko wani bare. Idan kamfanin motar ne ko reshensa, a zama guda, to da sauƙi, ban hana ba. Idan bare ne, a bari.

Haka nan akwai waɗanda suka halatta tsawaita garanti daga baya in dai daga kamfanin da ya ƙera motar ne, suna cewa shi ya san kayansa, ya san adadin da yake lalacewa a cikin dubu, don haka garari ya yi ƙaranci. Hujjar ba ta gamsar da ni ba. Kamfanin inshora ma ya san wannan lissafin, da shi yake cin riba. Sanin da kamfani ya yi wa motoci dubu bai gaya maka komai game da taka guda ɗaya ba, kuma kai da shi ciniki ɗaya kuka ƙulla.

Wani abu da ya fi wannan muni: mutane da yawa ba sa biyan kuɗin garantin nan take, cusa shi ake yi cikin bashin mota mai kuɗin ruwa. Sai a haɗa garari da riba a takarda guda. Idan an ce wa ƙanenka ba za a ba shi motar ba sai da shi, ya ce a rubuta masa hakan. Ba doka ba ce. Bambancinsa ke nan da inshorar da take biyan wanda ka yi wa ɓarna a hanya, wadda hukuma ta tilasta a kusan duk jihohin Amurka da kuma Najeriya. Waccan ana yin mafi ƙarancin abin da doka ta nema saboda tilas, wannan kuwa ganin dama ne, ba a fakewa da larura a cikinsa.

Ko da a ce babu maganar haramci, lissafin bai yi maka ba. Garantin Toyota a Amurka kashi-kashi ne. Na gaba ɗaya wata 36 ne ko mil 36,000, duk wanda ya riga cika, shi ne yake shirin ƙarewa. Na inji da giya wata 60 ne ko mil 60,000, kana da sauran shekara biyu da mil 27,000 a kansa. Dokar tarayya kuma ta ɗora wa kamfani garantin shekara 8 ko mil 80,000 a kan tukunyar tace hayaƙi da kwamfutar da take sarrafa inji. Shekara bakwai ɗin da aka rubuta maka, a irin wannan takarda yawanci daga ranar da aka fara sayar da motar ake ƙirgawa, mil ɗin ma daga sifili. Ke nan shekara huɗu ce, biyun farko kuma inji da giya, waɗanda su ne masu cin manyan kuɗi, suna ƙarƙashin garantin da ka riga ka mallaka. Biyun ƙarshe kuwa ka ce motar tana Kano. Irin waɗannan takardu galibi a Amurka da Kanada suke aiki, ranar da mota ta hau jirgin ruwa maganarsu ta ƙare. Masu sayen tokumbo a gida ma su kula da wannan: takardar garantin da aka tarar a aljihun mota ba ta da amfani a garejin Kano, balle motar gwanjo da inshora ta riga ta rubuta cewa ta tashi daga aiki.

Ga kuma abin da ake tararwa ranar neman gyara. Kayan da suke cinyewa da amfani, kamar takalmin birki, taya, batir, kuloci da robar share gilashi, ba sa ciki. Wasu takardun sassan da aka lissafa da suna kawai suke biya, duk abin da ba a ambata ba naka ne. Misalin da ya fi cin mutane shi ne tiyon ruwa: ya tsage a hanya, ruwan lagireto ya tsiyaye, allurar zafi ta hau, direba ya ce bari in ƙarasa gida, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Kamfani zai ce tiyo ba ya cikin jerin, kuma ci gaba da tuƙi bayan inji ya yi zafi sakaci ne, ba za su biya ko sisi ba. Dole makaniki ya kira su ya sami izini kafin ya taɓa komai. Idan suka ce a kwance injin a ga musabbabi, sannan suka ƙi biya, kuɗin kwancewar kai za ka ba da. Za su nemi rasit ɗin canjin baƙin mai, rashin guda ɗaya ko biyu yana iya zama dalilin ƙi. Kuma akwai kason da za ka biya daga aljihunka, wasu a kowane zuwa gareji, wasu a kowane gyara. Masu kiran waya kuwa, da yawansu ba su da wata alaƙa da kamfanin motarka, kada ka karanta musu lambar katinka.

Abin da za ka yi a wata biyun nan, ko mil 3,000 ɗin da suka rage: ka kai motar wurin dila a duba ta, ka rubuta duk abin da ka lura da shi, ƙara a ƙafa, esi da ba ya sanyi sosai, allon gaba da yake ɗaukewa, ɗigon mai a ƙasa. Ka tabbata kowane koke ya shiga takardar aiki da kwanan wata da mil, domin matsalar da aka rubuta kafin wa'adi ya cika tana da madogara ko da gyaran bai kammala ba. Haƙƙinka ne, ka biya shi tun ranar saye. Sai dai kada ka ƙirƙiri abin da babu, kada kuma a taɓa agogon mil, wannan ha'inci ne. Ka sa lambar jikin motar mai haruffa da alƙaluma 17 a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ka ga ko akwai kiranye a kanta, wato ko kamfani ya nemi a dawo da irinta a gyara wani aibi. Gyaran kiranye kyauta ne, ba ruwansa da ƙarewar garanti.

Dala 2,400 ɗin nan idan ka raba ta wata 48, dala 50 ce a wata. Ka buɗe mata wurin ajiya marar kuɗin ruwa, ka riƙa zubawa. In gyara ya taso ga kuɗi, in bai taso ba suna nan, su taimaka wajen kuɗin jirgi da kwastan. Kuɗinka ne dai, don haka suna shiga lissafin zakka tare da sauran abin da ka mallaka.

Idan yarjejeniyar sabis aka kawo maka, wadda aka fayyace cewa canjin mai da tacewa sau kaza, juya tayoyi sau kaza, a cikin shekara kaza, wannan ijara ce a kan aiki sananne, ta halatta ko da ka biya gaba ɗaya tun farko. Haka takaful na gaskiya, wato inshorar taimakekeniya, inda kuɗin mahalarta gudummawa ce a asusunsu kuma kamfani ladan gudanarwa yake karɓa. A Najeriya hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, akwai kuma kamfanonin da suke yin na mota, sai dai hatsari da sata da gobara suka fi rufewa, ba lalacewar inji ba.

Wanda kuma ya riga ya saya kafin ya san hukuncin, babu zunubi a kansa na abin da ya wuce, amma ya nemi sokewa. Yawancin waɗannan takardu suna mayar da kuɗi duka idan aka soke a cikin kwana 30 ko 60 na farko ba a karɓi gyara ba, bayan nan kuma a mayar da na ragowar lokacin a cire kuɗin sokewa. A rubuce ake nema, da mil ɗin motar na ranar. Idan kuɗin yana cikin bashin mota, wurin mai bashin ake turawa a rage uwar kuɗin, shi ma alheri ne. Idan sokewar ta gagara kuma gyara ya taso, ya karɓi daidai abin da ya biya, domin wannan dukiyarsa ce ta dawo masa. Abin da ya haura haka, mafi kuɓuta ya fitar da shi ga mabuƙata.

Allah ne mafi sani.