Injin yana jan yarana, amma an ce tunda bireka bai faɗi ba babu matsala

Tambaya: Injiniya, ina da ƙaramin kamfanin ruwan leda a Kano. Kwanan nan yaran da ke aiki suna cewa injin ɗaure leda yana jan su idan suka taɓa jikinsa, musamman idan ƙasa ta jiƙe. Mai gyaran wutarmu ya ce tunda bireka bai faɗi ba, ƙaramin shokin ne kawai. Wani kuma ya ce in ba shi kuɗi ya kawo min satifiket ɗin wuta ba sai an zo an duba ba. Hankalina ya ƙi kwanciya. Me zan yi?

Amsa: Alhaji, kafin ka gama karanta wannan, a kashe injin nan daga babban makunni, kada yaro ya sake taɓa shi. Galibi a irin waɗannan injuna, ko dai hitar da ke manne ledar ta fara yoyon wuta, ko danshi ya ci rufin wayar cikin famfo. Kuma tunda har mutum yana ji, to wayar ƙasa ta injin, wato wadda ke kwashe wutar da ta yi yoyo ta kai ta cikin ƙasa, ba ta aiki.

Maganar bireka kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Kusan duk inda muka shiga dubawa sai an ce mana "ai akwai bireka". Bireka ba don ran mutum aka yi shi ba, waya yake karewa kada ta yi zafi ta kama da wuta. Duba lambar da ke jikinsa, za ka ga kamar 32 ko 63, wato amp, ma'aunin yawan wutar da ke bin waya. Sai wuta ta haura amp ɗin nan sannan yake faɗuwa. Jikin ɗan Adam fa? Fata jiƙaƙƙiya, ƙafa a cikin ruwa, wutar gida mai bolt 230 za ta iya tura kusan kwata na amp ɗaya ta ƙirjinsa, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amp ba ya isa ya rikita bugun zuciya. Wato yaro zai iya maƙalewa a jikin injin har rai ya yi halinsa, bireka yana nan tsaye, domin a wurinsa abin da ya wuce bai fi na ƙwan fitila ba. Wanda ya ce maka rashin faɗuwar bireka shaida ce ta lafiya, bai san aikin abin da yake ɗaurawa ba. Irin su ne masu cusa zaren waya a gurbin fiyus, masu taɓa jikin injin da bayan hannu su ce "babu komai", suna sanye da takalmin roba a busasshen wuri. Yaronka da silifas yake, cikin ruwa.

Abubuwa biyu ne ke kare mutum. Wayar ƙasa mai kyau, koriya da rawaya, a ɗaure tam a jikin kowane ƙarfe har zuwa sandar tagulla da aka kafa a ƙasa. Sai na'urar RCD mai miliamp 30 (miliamp kashi ɗaya ne cikin dubu na amp), wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido da zarar ta ji wuta tana bin wata hanya. Buɗe akwatin wutarka ka duba. Sau da yawa sai mu tarar da koriyar wayar a lanƙwashe tana lilo, ba a haɗa ta da komai ba, ko kuma an kafa guntun rodi na gini wanda tsatsa ta cinye. Lokacin hunturu ma ƙasa na bushewa, sandar da ta yi kyau da damina sai ta rage aiki. Kada a manta da janareta, shi ma yana buƙatar tasa wayar ƙasar.

Batun satifiket kuwa, hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin gwada kayan wuta da ba da shaida, ita ke kuma ba masu haɗa wuta lasisi. Lambar NAFDAC ɗinka ta ruwa ce, ba ruwanta da waya. Na san zirga-zirgar ofis da jiran a zo suna gajiyar da mutum, shi ya sa 'yan kan-ta-waye ke samun kasuwa. Amma takardar da aka rubuta ba tare da an jona na'ura ba, ranar da aka yi rashin rai ita za ta fara kai ka ƙasa a gaban alƙali, ga haƙƙin ɗan mutane a wuyanka.

Nemi mai lasisi, ka ce ya nuna maka lasisin. Ka tsaya a kansa ya auna ƙarfin rufin wayoyi da na'urar da ake kira mega a bolt 500, kada ya gaza megaom ɗaya, ya auna sandar ƙasa, ya gwada saurin faɗuwar RCD, ya rubuta alƙaluman ya sa hannu. In ya zo da tasta kaɗai a aljihun gaba, ba shi kuɗin mota ya koma.