Tambaya da Amsa: Rabin yini zai isa ganin Fadar Versailles?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan yi 'yan kwanaki a Paris, kuma ina sha'awar ganin Fadar Versailles. Wa ya gina ta? Rabin yini zai ishe ni? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ware mata yini cur, rabi ba zai kai ki ko'ina ba.

Asalinta ɗan masaukin farauta ne da Sarki Louis na 13 ya gina a 1623, kimanin kilomita 20 kudu maso yamma da Paris. Ɗansa, Louis na 14, shi ya faɗaɗa wurin, ya tattara gwamnati da fadawa ya tare a 1682, don masu sarauta su zauna a gaban idonsa. Zaman ya ƙare a Oktoban 1789, lokacin da talakawan Paris suka tasa ƙeyar Louis na 16 da matarsa Marie Antoinette zuwa cikin birni. Yawancin kayan ɗakin an yi gwanjonsu bayan juyin juya hali, sai a 1837 aka buɗe fadar a matsayin gidan tarihi.

Abin da ya fi jan jama'a shi ne Zauren Madubai: tsawonsa mita 73, madubai 357 a gurbi 17, kowane gurbi na fuskantar taga mai kallon lambu. A wancan zamani madubi kayan gabas ne, sai wane da wane. A nan aka sa hannu kan yarjejeniyar kawo ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya da Jamus, ranar 28 ga Yunin 1919.

Mu dai lambun ya fi burge mu, duk da cewa ruwa ya ba masu shi wahala. Babu babban kogi a kusa, sai aka kafa injin Marly mai manyan ƙafafu masu juyawa 14 a bakin kogin Seine don turo ruwa. Bai wadatar ba. Ma'aikata kan buɗe maɓuɓɓuga in sarki ya doso, su rufe da zarar ya ba da baya. Har yau ba kullum ake sakin ruwan ba, sai wasu ranaku tsakanin Afrilu da Oktoba, kuma a ranakun shiga lambu ma da kuɗi.

Ki hau jirgin ƙasa na layin RER C, ki sauka a tashar Versailles Château Rive Gauche, tafiyar minti goma ce a ƙafa. Garin na da manyan tashoshi uku, wannan ce mafi kusa da fadar. Ki sayi tikiti mai ƙayyadadden lokaci ta intanet tun da wuri. Ranar Litinin fadar a rufe take, Talata kuma cunkoso, domin ranar ce gidan tarihin Louvre ba ya buɗewa, baƙi sai su kwararo nan.

Ki zaɓi ƙarfe 9 na safe, ki gama da zauren kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin. Kada ki fara da ƙananan fadojin Trianon, ba a buɗe su sai ƙarfe 12, kuma tafiyar kusan rabin sa'a ce. Farfajiyar shimfiɗe take da duwatsu masu tudu da kwari, saboda haka ki bar takalmi mai tsini a masauki, haka ma babban akwati, ba a shiga da shi.