Rumfar mota za ta zama ɗaki, amma daga wane aljihu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da shinkafa, sukari da man girki a kasuwar Wadata, gidana kuma yana Bukoki, a nan Yamai. Akwai rumfar mota a ƙofar gidan, tsawonta mita 6, faɗinta mita 3, gefe guda ta jingina da bangon ɗakina. Bara na sayar da motar, kuɗin na zuba su a kaya. Yanzu ina so in zagaye rumfar da bulo ta zama ɗaki, in ba da haya. Maƙwabta sun ce zan samu jika 25 a wata. Ni da ƙannena biyu za mu yi aikin da hannunmu don kada mu biya magini. Na lissafa jika 600 za su isa, kuma daga jarina zan cire su. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Niyyarka mai kyau ce, domin rumfar da ba mota a cikinta dukiya ce a kwance. Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba a wasiƙarka, shi ne cire kuɗin daga jari.

Mu yi lissafi da alƙaluman da kai ka kawo. Jika 600, wato sefa 600,000, idan haya jika 25 ce, sai bayan wata 24 kuɗinka za su dawo. Wannan in ɗakin bai taɓa kwana ba kowa ba ke nan, kuma ɗan haya bai taɓa cewa "a yi mini haƙuri zuwa ƙarshen wata" ba. Ka ɗauka wata goma za ka karɓa a shekara, jika 250 ke nan, sai ka kusan shekara biyu da rabi kafin ka ga uwar kuɗinka. To, su waɗannan jika 600 ɗin, me suke yi maka yanzu a Wadata? Kai ka fi ni sanin ribarka, amma bari in yi misali. In suna juyawa sau biyu a wata, kowane juyi kana samun jika 3 a kan kowace jika 100, to jika 36 suke kawo maka a wata. Ka ga ka rufe hanyar 36 don ka buɗe ta 25. Ka ɗauki littafinka na wata uku da suka wuce ka sa alƙalumanka na gaskiya a gurbin nawa. Ƙari a kan haka, shagon da kaya suka ragu a cikinsa, abokin ciniki ya zo sau biyu bai samu abin da yake so ba, na uku maƙwabcinka zai nufa. Buhun shinkafa in ka matsu yau, yau za ka mai da shi kuɗi. Bulon da ya hau bango ba ya saukowa.

Don haka ɗakin nan ribar kasuwa ce za ta gina shi, ko kwasar adashe, a hankali. Kuma wannan aikin yana karɓar a yi shi daki-daki, tunda rufi yana nan, ba abin da ruwa zai ɓata in an dakata.

Sai maganar yin aikin da hannu. Ina son ta, amma ka san inda take rage kuɗi da inda ba ta ragewa. Mafi yawan kuɗin irin wannan aiki kaya ne ke cinye su: bulo, siminti, yashi, tsakuwa, ƙarfe, ƙofa da taga. Bangon da za ka tayar mita 12 ne a kewaye, in gefenta mai tsawo ne ke jingine da bangon ɗakinka. In tsayinsa mita 3 ne, ka cire gurbin ƙofa da taga, zai ci bulo wajen 400, irin mai tsawon santimita 40 da tsayi 20, ban da na tushe da waɗanda za su fashe. Waɗannan ko kai ka ɗora su ko magini, kuɗinsu ɗaya ne. Abin da ku ukun za ku iya ɗauke wa aljihu shi ne aikin lebura: haƙar tushe, kwaɓa siminti, ɗaukar bulo, ciko, ba bango ruwa, fenti. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ku yi shi. Amma ɗora layi, da zuba ginshiƙai, da ɗamarar kankare ta saman bango, ka ɗauko magini na kwanaki kaɗan, ku ku zama yaransa. Bangon da ya karkace siminti yake sha wajen shafe, har abin da ka ƙi ba magini ya ƙare a can. Kuma ka lissafa ranakun da ba ka zauna a shago ba, su ma kuɗi ne.

Inda na fi so ka tsaya ka duba da idonka shi ne daɓen rumfar. Daɓen mota ana yin sa da gangare zuwa waje don ruwa ya fita, kuma sau da yawa siriri ne, ba tushe a ƙarƙashin gefensa. Mutane da yawa suna jera bulo kai tsaye a kansa don sun ga siminti ne. Bayan damina ɗaya ko biyu ƙasa ta zauna, tsaga ta taso daga kusurwar taga ta gangaro. Ku fasa gefen daɓen, ku haƙa tushe har ku tarar da ƙasa mai ƙarfi, a zuba kankare, sannan bulo ya hau. Bayan haka ku yi ciko, daɓen ɗakin ya ɗara hanya tsayi sosai. Duk wanda ya zauna Yamai a daminar 2020 da ta 2024 ya ga abin da ruwa ke yi wa ɗakin da ke daidai da titi. Dokin ƙofa mai tsayi ya fi kowane fenti amfani a wajen ɗan haya.

Ƙarafunan da ke riƙe da rumfar an kafa su ne don nauyin kwano kawai. Kada a jingina musu bango a ce sun zama ginshiƙai. Shi kuma rufin, a ɗaure shi da ƙarfe a cikin ɗamarar kankaren, saboda iskar farkon damina, wadda ke zuwa da ƙura kafin ruwa, ita ce ke yaye kwano. Ka duba mahaɗar kwanon da bangon ɗakinka, nan ne yoyo ke farawa, kuma bangonka ne zai jiƙe.

Ga zafi. Rumfa a buɗe take, iska na ratsa ta, shi ya sa ba ka jin gajartar rufinta. Da zarar an rufe ta, a watan Afrilu da zafin Yamai ke haura digiri 40, ɗaki mai gajeren kwano ba silin ba ya zaunuwa da rana, da dare ma sai a fito waje. Ba wanda zai daɗe yana biyan jika 25 a irin wannan. In rufin gajere ne, ɗaga shi ya shiga lissafi, haka silin, da tagogi biyu masu kallon juna. Ina zaton jika 600 ɗinka ba su haɗa da waɗannan ba. Wuta kuwa ba aikin gwaji ba ce, ka kira mai sana'ar, kuma ka raba lissafin ɗakin da na gida tun farko, don takardar kuɗin wuta ta kamfanin NIGELEC ta raba maƙwabta da yawa.

Kafin ka sayi ko buhu ɗaya, akwai tafiya biyu. Ta farko ofishin magajin gari na yankinku, da takardar filinka, ka nemi izinin gini, ka tabbata rumfar tana cikin iyakarka. Rumfuna da yawa na ƙofar gida sun ɗan ci hanya, ba wanda ya kula don a buɗe suke. Bango daban ne. Ƴan kasuwar Yamai ba su manta da rusau na 2016 ba, lokacin da aka kwashe shagunan bakin titi. Ta biyu cikin gida ce: in gidan na gado ne, ko akwai mai haƙƙi a ciki, a zauna a yarda gaban shaidu, a rubuta wanda ya kashe kuɗi da wanda zai karɓi haya. Ka kuma yi shawara da uwargida. Ɗan haya zai buƙaci bayi da ruwa, in ƙofarsa ba ta kallon waje, ta tsakar gidanka zai riƙa bi safe da yamma.

Wannan ne ma ya sa nake ganin ka auna wata hanyar. Mai shinkafa da sukari ba ya rasa buƙatar wurin ajiya. In kana biyan hayar magaza a wani wuri, ko kana ƙin sarin kaya da yawa lokacin araha don ba inda za ka sa su, to ɗakin nan zai fi yi maka aiki a matsayin ma'ajiyarka. Ba ya buƙatar bayi, ba rigimar ƙarshen wata, sai ƙofar ƙarfe mai kauri, da katako a ƙasa don buhu kada ya taɓa daɓe. Ka cire kuɗin dakon kaya daga Bukoki zuwa Wadata, ka ga abin da ya rage, ka gwada shi da jika 25.

In ka tsaya a kan yi, ka fara bayan ruwa ya ɗauke. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu aiki ya fi daɗi, amma duk da haka ku ba siminti ruwa safe da yamma har mako guda. Ka riƙa tara bulo da ƙarfe duk lokacin da riba ta samu, su ba sa saurin lalacewa. Bulon da ka murza gefensa da yatsa ya zube kamar gari, ka bar wa mai shi, araha ba ta ado. Siminti kuwa, na Malbaza ne ko wanda aka shigo da shi, kada ka saya sai makon da za a yi aiki da shi, don yana daskarewa a ajiye. Ƙofa da taga ka zaga kasuwar Katako ka ji farashi wajen mutum uku kafin ka ba da kafin alƙalami, kuma ka karɓo su kafin a ɗora bango, a bar gurbinsu daidai da awonsu. A kan duk jimlar da ta fito, ka ware ƙarin kashi 15 cikin 100 na abin da ba a zata ba, shi ma daga riba.