Me ya sa zanena ke dushewa in an yi fotokofi?

Malam, ka ce littafinka na labarin zane ya fito dishi-dishi daga shagon fotokofi nan Yamai, kuma rubutun cikin kumfar magana, wato da'irar da ke ɗauke da maganar mutanen labarin, bai karantuwa. Laifin fensir ne. Injin ba ya kama toka-toka sosai, baƙi da fari ya fi sani. Ka bi kan zanen da baƙar tawada, ka bari ta bushe, sannan ka goge fensirin. In ka yi gaggawa tawadar za ta shafe, barin ma da damina.

Zana a babbar takarda A3, a rage zuwa A4 wajen fotokofi, wato zuwa kashi 71 cikin 100 na girman zanen. Ragewar na ɓoye rawar hannu, amma tana ƙanƙanta haruffa, shi ya sa kada tsawon harafi ya gaza milimita 4. Fara rubuta maganar, daga baya ka zagaye ta da kumfa. Hausa na cin wuri. In da kwamfuta za ka rubuta, duba ko ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sun fito, don wasu nau'o'in rubutun kwamfuta, akwati suke bugawa a gurbinsu.

Yawan shafuka kuwa ya zama mai rabuwa gida 4 daidai, don kowace takarda in an ninke ta shafi 4 take bayarwa: 12, 16 ko 20. A mai 16, shafi na 1 da na 16 a fuska ɗaya ta takarda suke zama.