Ƙaramar shaida da yawan tambayoyi

Ka tambaya ko ƙaramar shaida, wato bit kaɗan (kowane bit 0 ne ko 1) da suka isa su tabbatar da sakamakon lissafi, tana nufin za a gano sakamakon da tambayoyi kaɗan, inda kowace tambaya duba bit ɗaya ce. Haka ne, amma sai shaidar cewa sakamakon 1 ne da shaidar cewa 0 ne duka sun kasance ƙanana, domin an tabbatar cewa tambayoyin ba sa wuce girman ta farko sau girman ta biyu.

Inda na ga ɗalibai suna tuntuɓe shi ne lissafin OR mai bit 100, wanda sakamakonsa 1 ne idan akwai ko da bit ɗaya mai 1, in babu kuwa 0 ne: bit ɗaya mai 1 ya isa shaida, amma ba a tabbatar da 0 sai an duba duka ɗarin ɗaya bayan ɗaya.