Tambaya da Amsa: Doka ce ta hana mata tseren mota?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni 'yar aji biyar ce a sakandare, daga wani ƙauye a gefen Ringim. Babana direban Golf ne, ranar kasuwa yake lodi, kuma ni ke haska masa tocila idan yana canza fulogi da daddare. Yayana ya nuna min tseren Formula 1 a wayarsa, na ga duk maza ne. Ya ce doka ce ta hana mata. Gaskiya ne?

Amsa: Ƙanwata, ki ce wa Yaya Anti na gaishe shi, amma wannan karon ya yi tuntuɓe. Babu dokar da ta hana. Tun 1958 wata 'yar Italiya, Maria Teresa de Filippis, ta shiga tseren. A 1975 Lella Lombardi, ita ma 'yar Italiya, ta zo ta shida a Sifaniya. Mummunan haɗari ya sa aka tsayar da tseren aka rage makin kowa zuwa rabi, sai ta tashi da rabin maki. Har yau ita kaɗai ce macen da ta taɓa cin maki, kuma tun 1976 babu wadda ta sake fafatawa.

Kuɗi ne ya tsare ƙofar. Direbobin nan tun suna shekara bakwai ko takwas ake ɗora su a 'yan ƙananan motoci marasa rufi, iyaye na zuba dukiya shekara da shekaru, kuma yawanci ɗa namiji ake kaiwa. Kamfanoni kuwa wanda ake haskawa a talabijin suke ɗaukar nauyinsa. An buɗe wa mata zalla gasar W Series a 2019, Jamie Chadwick 'yar Ingila ta lashe sau uku, sai kuɗi ya ƙare a 2022 tun kafin a kammala kakar. Yanzu akwai wata gasar mata zalla, F1 Academy, da aka fara a 2023 ƙarƙashin tsohuwar direbar tsere Susie Wolff, kuma ana gudanar da ita a filin da manyan direbobin Formula 1 ke tsere, a ƙarshen makon da suke yin nasu, don idon jama'a ya kai kan 'yan matan.

Ni dai wadda ta fi burge ni ita ce Jutta Kleinschmidt 'yar Jamus. A 2001 ta doke maza ta lashe tseren Dakar, daga Faris har Sanagal, ta ratsa Sahara da Pajero. Kin san yadda rairayi ke riƙe tayar Golf ɗin Baba da rani, fasinja su sauko suna turi, ana cusa kara ƙarƙashin taya? To irinsa ta yi ta keta wa, kusan mako uku. Fiziks ta karanta, ta yi aiki a kamfanin BMW, kuma da babur ta fara shiga tseren.

Ba zan yi miki romon baka ba, daga Ringim zuwa can akwai nisa. Ni kaina sai da na haura 30 na koyi tuƙi, a filin Idi, awaki na kallona. Amma ranar da Baba zai sake buɗe bonet, ki miƙa wa Yaya tocilar, ki roƙi Baba sifanar. Kuma ki rubuto min nawa kika ci a Fiziks wannan zangon.